Safara'u Mai Ƙosai da Ƙwaryar Kawunta

Duk wanda ya yi dakon gyaɗa a kantin Turawa na Gumel bayan shekarar annobar marisuwa ya san Safara'u mai ƙosai. Gajeriyar mace ce, baƙa, mai ƙaramar murya, kullum tana tsugune gaban kasko a gindin wata tsamiya, hayaƙi ya rine mata ido. Abin da ya sa ake nuna ta da baki shi ne, daga Gumel har Maigatari ita kaɗai ce 'yar ƙasa da ke bin addinin Almasihu. Sauran masu bin sa baƙi ne 'yan kudu, su ma ba su kai goma ba.

Ba ita ta je neman addinin ba. A wani ƙauye kusa da Sule Tankarkar aka haife ta. Uwa da uba suka rasu tana ƙarama, ta koma hannun ƙanen uwarta, Kawu Ɗantsoho. Ba a daɗe da shigowar Nasara ba aka yi wata yunwa, har mutane suka koma tonon gidan tururuwa suna neman tsaba. Wata safiya Kawu ya ce ta zo ta raka shi kasuwa. Ya riƙe mata hannu, abin da bai taɓa yi ba, har murna ta kama ta. A bayan kasuwa ya miƙa ta ga wasu fatake, su kuma suka ɗora masa taikin gero a jaki. Ko waiwaye bai yi ba, Allah wadaran wannan safiya.

Fataken ba su ci ribarta ba. Sojan Nasara suka tare su a hanya suka ƙwace yaran da ke hannunsu. Da aka rasa wanda ya san garinsu, sai aka haɗa ta da sauran aka tura can kudu, wani gida a bakin kogin Binuwai inda 'yan mishan ke riƙon yaran da aka 'yanta. Ta isa ƙazwa ta cinye mata jiki, ga gyambo a ƙafa, ga ƙwarƙwata, ga baƙin hali, don duk wanda ya matso sai ta gantsara masa cizo. Wata tsohuwa mai suna Zinariya, ita ma 'yantacciyar baiwa ce, ita aka ba wankanta. Ranar farko Safara'u ta cije ta a hannu har jini ya fito. Tsohuwar ta yage bakin zanenta ta ɗaure wurin, ta ci gaba da cuɗa ta, ko tsawa ba ta yi mata ba.

Sai da ta yi wayo ta tambaye ta dalili. Zinariya ta ce, "Yarinya, ni ma haka aka yi mini. Almasihu bai jira na gyaru ba sannan ya karɓe ni. Da ƙazantata ya ɗauke ni, ban biya ba, ban ma roƙa ba. Shi ake ce wa alheri." Iyakar ilimin addinin Safara'u ke nan har ta bar duniya, don boko bai shiga kanta ba. Aka yi mata baftisma aka sa mata Mariyamu, amma sunan bai bi ta ba.

Abu ɗaya ne ya zauna mata a rai daga gidan nan, wato jibin Ubangiji. Fasto zai gutsura gurasa ya ba kowa, sannan ƙoƙo guda na ruwan inabi ya zagaya, kowa ya kurɓa. Baturiyar gidan ta sha, Zinariya ta sha, aka miƙo mata. Ita da aka musanya da taikin gero, ga bakinta a daidai inda Baturiya ta ɗauke nata! Ranar ta yi kuka har sai da aka fita da ita waje. Tun daga nan, in ka ce mata addini, ƙoƙon nan take gani.

Ta auri Hamma, wani kuku da suka tashi gida ɗaya. Da cinikin gyaɗa ya buɗe, Baturen da yake yi wa girki ya zo da su Gumel. Ba su daɗe ba annobar murar nan da ake kira marisuwa ta shigo gari, ta ɗauke Hamma, ta bi ta ɗauke jaririnsu. Bature ya koma inda ya fito, ita ta ƙi bin kowa. Ta ce nan ne ƙasarsu, ko ba wanda ya san ta, harshen da ake yi a kasuwa nata ne. Ta kama ɗaki a gidan wata dattijuwa, Adda Yelwa, ta kafa kasko.

Shugaban masu bin Almasihu a Gumel a lokacin akawun kantin ne. Mutumin Ikko ne, ana ce masa Dogon Akawu, don sunansa na gaskiya ba mai iya faɗa. Ran Lahadi a siton bayan kanti suke taruwa ba hayaniya, saboda Joji, Baturen mulki, ya hana wa'azi a ƙasar sarki. Kai, zo ka ga ibada! Ana tsakiyar bazara, ƙasa na ƙuna, Akawu zai sha kwat da wuyan riga mai sitaci, gumi na tsiyaya, yana karatu da Turanci cikin wata murya da ba ita yake magana da ita ba. Ga dokoki kamar barikin soja. Wanda ya makara ya tsaya waje. Mace in ba farin ɗankwali ba ta shiga. Mai takalmi a benci, marar takalmi a tabarma can baya kusa da buhuna. Ran Litinin kuwa, in manomi ya ɗora gyaɗarsa a sikeli, Allah kaɗai ya san abin da ƙafar Akawu ke yi a ƙarƙashi.

Safara'u a tabarma take zama, ita kaɗai. Ko kalma ɗaya ba ta ji, amma ba ta taɓa fashi ba. Ba karatun Akawu ke kawo ta ba. Shi ba fasto ba ne, ba shi da ikon ba da jibi, sai fasto ya taso a kan doki daga Sabon Garin Kano, shi kuwa akan yi shekaru ba a ga ƙeyarsa ba. Zuwansa na baya ya tarar da ita tana jinyar Hamma, ba ta samu ba. Akawu ne ke gaya wa fasto wanda ya isa sha da wanda bai isa ba. Shi ya sa take wanke ɗankwali, take sammako, take haɗiye kallon da matar Akawu ke yi wa ƙafafunta. Ƙoƙon nan take jira.

Wata Alhamis ta je kasuwar Maigatari sayen wake. Tana ratsa inda kutare ke jere suna bara, sai ta ji wata murya na roƙon sadaka. Ta waiwaya. Fuskar ta lalace, hanci ya rufta, yatsu sun zube sai dungu, amma muryar ba ta sake ba, ita ce ta ce mata ta zo ta raka shi kasuwa. Ta tsaya tana kallonsa zuciyarta na tafasa. Gaskiya ta so ta tofa masa yawu, ta so ta tara kasuwar nan kaf ta gaya musu ko wane ne. Har ta wuce, ta sayi wakenta ta ɗora a jaki. Sai ta ga ba za ta iya kama hanya ba. Ta komo ta durƙusa gabansa.

"Kawu, Safara'u ce, 'yar yayarka Kande."

Ya ɗago jajayen idanunsa. "Ashe kina raye."

"Ina raye. Ina Inna matarka da yaran?"

"Sun watse. Wa zai zauna da wannan?" Ya ɗaga mata dungunsa.

Ta sauke waken ta ɗauka a ka, ta ɗora tsohon a jaki, suka taho Gumel.

In kana jiran ka ji ya fashe da kuka ya nemi gafara, to, daina jira. Ta yi masa bukka a bayan ɗakinta, ta ware masa ƙwaryarsa daban kamar yadda ake yi wa mai wannan ciwo, ba mai shan ruwa a cikinta sai shi. Kullum ta dafa bagaruwa ta wanke masa gyambuna, ta naɗe da tsumma, ta dama fura ta tallafa masa ƙwaryar tunda ba yatsun riƙewa. Shi kuwa sai mita, yau fura ta yi tsami, gobe ruwa ya yi zafi. Da ya ji addinin da take bi, ya yi salati, ya ce ta riƙa wanke hannu kafin ta taɓa masa abinci. Ranar da ta kasa daurewa ta tambaye shi me ya sa ya yi mata abin da ya yi, cewa ya yi, "Ke, da ban ba da ke ba, da yunwa ta kashe ki kamar sauran. Kamata ya yi ki gode mini." Ta zaga bayan bukka ta yi ta kukan takaici, sannan ta dawo ta ƙarasa ɗaure masa ƙafar.

Adda Yelwa musulma ce mai tsoron Allah, ba ta kore su ba, har takan aiko wa tsohon da tuwo. Amma ta ce, "Safara'u, ke ko dai waliyyiya ce ko mahaukaciya, ni kuwa na fi zaton ta biyun." Ciniki ma ya karye. 'Yan dako suka ce hannun da ke wanke kuturu ba zai soya musu ƙosai ba, suka koma wajen mai waina. Kaɗan ne suka rage, waɗanda yunwarsu ta fi ƙyamarsu.

Ana cikin haka, bayan kaka, labari ya zo fasto yana tafe. Safara'u ta rasa inda za ta sa kanta don murna. Ran Lahadi da aka tashi, Akawu ya ce ta dakata. Shi kaɗai ke kiran ta da sunan baftisma.

"Mariyamu, na ji kin ajiye kuturu a gida."

"Kawuna ne, Maigida."

"Shi ne wanda ya sayar da ke?"

"Shi ne."

"Ya tuba? Ya roƙe ki gafara? Ya ce zai karɓi baftisma?"

"Ko ɗaya bai yi ba."

Akawu ya buga hannu a benci. "To, me ya yi da ya cancanci wannan wahala? Mutum ya sayar da jininsa, Allah ya hukunta shi a idon kowa, ke kuma kin je kin kwaso hukuncin kin kawo mana. Ƙoƙo ɗaya muke da shi. Matata za ta sa baki, ni zan sa, mu koma gida mu ɗauki 'ya'yanmu. Ki mai da shi cikin 'yan'uwansa kutare kafin fasto ya iso, ki kuma faɗa gaban jama'a kin rabu da shi. In ba haka ba, ba ke ba ƙoƙon."

Safara'u ta ce, "Maigida, bai cancanta ba, na fi kowa sani. Ni ma ranar da aka fara yi mini wanka da cizo na saka. Ba a tambaye ni ko na tuba ba."

"Wannan hirar tsofaffi ce," in ji Akawu. "Addini yana da tsari."

A yi wa mutumin adalci, tsoron da yake ji wa 'ya'yansa na gaske ne, kowane uba zai ji shi. Da ya tsaya a nan, da ba wanda zai ga laifinsa. Abin haushin shi ne ya bi ya sa wa tsoron rigar addini, ya mai da alherin Allah abin da sai ya auna kafin a ba mutum.

Adda Yelwa ta ba ta dabara. "Ke ma da taurin kai kike. Kai shi unguwar kutare ya ɗan kwana biyu, ki sha abinki, baƙo ya tafi ki ɗauko shi. Wa zai sani?" Wallahi shawarar ta shige ta. Har ta ƙulle masa tsummokaransa, ta je ta aro jaki. Ta ɗaga shi za ta ɗora, ta ji ba nauyi, ƙashi ne kawai. Ya tambaye ta, "Ina za mu?" Bakinta ya buɗe zai ce kasuwa. Nan ta tuna safiyar da ya riƙe mata hannu. Ta mai da shi kan tabarmarsa, ta je ta mayar wa mutane jakinsu.

Ranar jibi ta yi wanka da sabulun salo har fatarta ta yi zafi, ta ɗaura farin ɗankwali, ta isa kafin kowa ya zauna. An share sito, an shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ga ƙoƙon nan yana ƙyalli. Akawu ya tare ƙofa, ya ce, "Kin rabu da shi?" Ta ce a'a. Ta leƙa ta ƙarƙashin hannunsa, ita da ba a taɓa jin muryarta a wurin ba, ta ɗaga murya ta ce, "Baba Fasto, na daɗe ina jiran ranar nan. Ba ni da ciwon, ga hannuwana a duba."

Fasto tsoho ne, tafiya ta galabaitar da shi, ga zazzaɓi, kuma ba ya jin Hausa. Akawu ne tafinta. Abin da ya juya masa, oho, Safara'u dai ta ga gajeriyar maganarta ta zama doguwa a bakinsa. Tsohon ya dube ta da tausayi, ya dubi masu benci duk sun ɗaure fuska, ya sunkuyar da kai. Aka yi ƙus-ƙus. Daga ƙarshe aka samo mafita irin ta masu tsari. Bayan kowa ya sha, matar Akawu ta ɗauko wani tsohon gwangwanin madara, aka tsiyaya ragowar a ciki. Ta fito ta ajiye shi a ƙasa a bakin ƙofa, ta ɗora gutsuren gurasa a kai, ta ja da baya da sauri. Haka ake ba kuturu sadaka, ba a miƙa masa hannu da hannu.

Safara'u ta daɗe tana kallon gwangwanin. Ƙuda ya zo ya sauka a bakinsa. A ciki an kama waƙa. Ba ɗanɗanon inabi ya zaunar da ita shekaru a kan tabarma ba, so take ta sha inda 'yan'uwa suka sha. Ta juya ta tafi, ta bar shi a nan.

Ta tarar da Kawu yana ta sababi, wai rana ta take bai karya ba. Ta dama fura a ƙwaryarsa, ta durƙusa ta tallafa masa ya sha, tana zubowa ta gefen bakinsa. Da ya ɗago, ta tsaya tana duban ragowar. A zuci ta ce, "Ya Almasihu, ga wanda ka bar mini mu sha tare." Ta kafa baki a inda ya ɗauke nasa, ta shanye.

Kawu ya firgita, ya kai wa ƙwaryar duka da dungu, ta faɗi ƙasa. "Subhanallahi! Kin sa mini bakin kafirci a ƙwarya! Yanzu a me zan sha?"

Sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda ta fi kuka ciwo. Adda Yelwa ta leƙo ta ga mace a durƙushe tana dariya hawaye na zuba, ta koma tana salati. Safara'u ta ɗauki ƙwaryar ta wanke masa da toka, ta kife a rana.

Kawu ya ƙara damina biyu a hannunta. Ya rasu da rani, bai ce na gode ba, bai ce ki yafe mini ba. Ita ta je ta kira liman, ita ta sayo likkafani, ta tsaya daga nesa aka sallace shi aka kai shi yadda addininsa ya ce. Ciwon kuwa bai kama ta ba, yatsunta suna nan garau.

Da wata ya zagayo, sai ga matar Akawu har gindin tsamiya, ta tsaya nesa da hayaƙi. Ta ce Akawu ya yi mata sassauci. Tunda tsohon ya tafi, ga shi fasto zai sake zuwa, in ta zo ran Lahadi ta durƙusa gaban jama'a ta ce ta yi zunubin rashin biyayya da ta ajiye shi, amma ta tuba, za a mayar da ita tabarmarta, ta sha ƙoƙo tare da kowa.

Hannun Safara'u ya tsaya a kan kasko har ƙosai ya fara ƙonewa. Ba ƙarya, ranta ya biya. Durƙuso ɗaya, magana ɗaya, shi ke nan. Ta tsame ƙosan, ta goge ido da bakin zane, ta ce, "Uwargida, ki gai da Maigida. Ina da zunubin da zan durƙusa a kansa. Na tsani tsohon nan, sau da yawa ina wanke masa ƙafa ina fatan ya mutu in huta, har yau ban tabbata zuciyata ta sake shi ba. In wannan ne, gobe ma sai in zo in faɗa gaban kowa. Amma in ce na yi laifi da na ɗauke shi daga kasuwa, bakina ba zai iya ba."

Matar ta ce ba wannan aka ce ta faɗa ba, ta gyara ɗankwali ta tafi.

Safara'u ta ƙara 'yan shekaru a gindin tsamiyar. Fasto ya zo, ya sake zuwa. Sito ba nisa, in an kama waƙar jibi tana ji daga inda take tsugune, sai ta ƙara itace a wuta ta ce hayaƙi ne ya shige mata ido. Sanƙarau ya ɗauke ta a shekarar da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa ta Gagarawa, ko furfura ba ta yi ba. Ƙoƙon bai ƙara taɓa bakinta ba.